Munzali a Ƙarƙashin Bargo

Munzali autan Furera ne, kuma shi ke haya a ɗakin ƙasa na gidan 'yata Sharifa a Hyattsville, a jihar Maryland ta Amurka, gidan da nake zaune tun da aka ɗauko ni daga Funtuwa don renon jikoki. Jikokin sun girma, sun bar ni da talabijin da ciwon gwiwa. Don haka in na ce na san Munzali, ba sanin gaisuwar ranar Sallah nake nufi ba. Na san takunsa a matakala, na san ranar da ya dafa abinci da ranar da ya kwana da shayi kawai a cikinsa.

A Malumfashi aka haife shi, da in'ina. Uwarsa ta ce kafin ya gama roƙon a ƙara masa miya, tuwon ya huce. Yaran unguwa suka sa shi gaba da kwaikwayo, sai ya daina fita, ya tare a ɗakin kakarsa, wata tsohuwa da ba ta jin kunyar yin tatsuniya da rana tsaka. Da ubansu ya rasu, yayansa Rilwanu, wanda ya riga ya kafu a Upper Marlboro da aiki da iyali, ya ɗauko shi yana ɗan saurayi, daga baya ya ɗauko uwar. An yi zaton Turanci zai warware masa harshe. In'inar ta bi shi cikin Turancin ta zauna daram.

Bai yi nisa a karatu kamar yayan ba. Aikinsa tuƙi ne, yana bin ƙananan asibitoci yana karɓar jini da fitsarin marasa lafiya a akwatin sanyi, ya kai wurin gwaji. Na ce masa aikin ya dace da shi tunda fitsari ba ya jan hira, ya yi dariya har da riƙe ciki. Mutum ne da ba ya ƙosawa da tsoho. Shi ke kai ni shagon kayan miya na 'yan Gana, ya tsaya ina taɓa kowace doya ina kushe ta, bai taɓa duban agogo ba. Da asuba yake fita, kafin la'asar ya dawo ya shige ɗakinsa.

Aibinsa ɗaya ne a wurin mutanenmu: ya haura talatin ba aure. An nuna masa 'yar wane da ƙanwar wance, har hoton wata aka turo daga Katsina tana riƙe da fure kamar mai tallarsa. Kowacce sai ya ce tana da kirki, Allah ya ba ta miji nagari. Muka ɗora laifin a kan harshen, muka ce kunyar zuwa zance yake ji.

Akwai wani rami mai murfin ƙarfe a ƙasan ɗakina, ta nan iskar ɗumi ke fitowa lokacin sanyi, kuma ramin har ɗakin Munzali ya kai. Wata rana cikin zafi, bayan la'asar, gidan ba kowa, don a gidan nan in an ce ba kowa ba a ƙirga ni, sai na ji magana tana tasowa ta ramin. Turanci ne, ni kuwa Turancina bai wuce na gaida direban bas ba. Amma ba sai ka ji yare kake gane mai roƙo da mai razana shi ba. Murya uku na ji. Ɗaya ta saurayi mai tsoro, ɗaya ta wani mai lallashinsa, ta ukun kuwa daga can cikin maƙogwaro take fita, kamar ana jan turmi a kan siminti. Can sai na ji taku, ƙwas, ƙwas, irin na kofato a kan katako. Sai kukan bunsuru.

Na yi kiwon awaki tun ban iya ɗaurin zane ba, ba mai koya mini kukan bunsuru. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba shi ba ne. Muryar saurayin ta Munzali ce, kuma maganar zuba take kamar an buɗe famfo, ko tuntuɓe ɗaya babu.

Na ɗauki carbi a hannu ɗaya, muciya a ɗayan, na lallaɓa na sauka. Ƙofar a sakaye take, na leƙa. Ga mutum zaune a tsakar ɗaki ya lulluɓa da bargo mai kauri tun daga kai har ƙasa, cikin zafin da ko ɗankwali nauyi yake yi wa mutum, yana rangaji gaba da baya, muryoyin duka daga ƙarƙashin bargon suke fita. A gefensa ga ƙafar saniya guda biyu a kan wani katako. Ina kallo hannu ya fito daga bargon, ya lalubo su, ya buga.

Na san wannan zaman. A Funtuwa haka ake lulluɓe mai iska a yi mata hayaƙi har bakin da ba nata ba ya yi magana. Na koma sama, ban san gwiwata tana da sauran wannan saurin ba.

Mutum ɗaya na gaya wa, Rakia 'yar Maraɗi, mai zuwa yi mini kitso. Kafin ta kai ƙeya ta haɗa mini sauran labarin. Ta ce baƙaƙen Amurka da ke zuwa shagonta a Silver Spring sun sha ba ta labarin wani abu a wannan gundumar, rabinsa mutum rabinsa bunsuru, yana zaune ƙarƙashin wata tsohuwar gada a cikin daji, tun kakanninsu ake tsorata yara da shi. Kuma ai Munzali kullum yana ratsa ƙauyukan nan shi kaɗai, da jinin mutane a bayan mota. Me ake nema kuma? Abin ya ji ƙanshin jini ya biyo shi gida, ya aure shi, shi ya sa ba ya kallon mata.

A nan kaina ya fara ɗaurewa. Mun taso mun ji aljana ke auren namiji, aljani ya auri mace. Wannan kuwa bunsuru ne, ba akuya ba. Na faɗa wa Rakia haka, ta ce nan Amurka ne, Goggo, aljanun ma ba su da tarbiyya.

Kafin mako ya zagayo labarin ya isa Upper Marlboro, ya yi ƙaho ya yi jela. An ce na ga bunsurun da idona yana shan shayi. Ba a daɗe ba Sharifa ta dawo daga aiki ta ce mini Rilwanu ya yanke shawara, za a kai Munzali gida Nijeriya, wani gidan magani a bayan gari inda ake ajiye irin waɗannan har sai sun warke. Za a tara manya ranar Lahadi a gidan Rilwanu a sa albarka, kuma ni ce shaidar da za ta faɗi abin da ta gani.

Na san irin gidan. Ɗan ƙanwata an kai shi irinsa saboda shaye-shaye, ya dawo da shatin mari a idon sawu, ya bar shan komai, ya bar magana ma. Sharifa ta ce Munzali ba yaro ba ne, a ƙasar nan ba mai iya sa shi a jirgi dole. Na ce da ita ba ta san shi ba. Ba igiya za a sa masa ba, uwarsa ce za ta dube shi ta ce ya je, kuma ko da harshensa lafiya lau yake, ba zai iya ce wa Furera a'a ba.

Saboda haka na sake sauka, wannan karon da sallama. Na tarar da shi da abokinsa Longji, wani ɗan Pankshin, Kirista, mai gyaran lasifika a coci-coci da gidajen biki. Na saba ganinsa yana shige da fice, yana gaishe ni da Hausarsa ta Jos mai kama da an wanke ta da ruwan sanyi. Na zauna a kujerar da ba a ba ni ba, na ce wa Munzali ya fito mini da bunsurun in gan shi, in kuwa ba zai fito ba a gaya mini abin da yake ci.

Suka dubi juna. Longji ne ya fara dariya, har ya zame daga kujera. Munzali bai yi ba, don ya riga ya ji maganar tafiyar.

Longji ya yi mini bayani. Wai Munzali labarai yake ƙirƙira na ban tsoro, ya karanta su da bakinsa, a naɗa, mutane su saurara a waya suna tuƙi ko suna wanke-wanke. Wai har da mutanen da ba su san inda Nijeriya take ba suna jiran nasa. Ya ɗaga bargon ya nuna mini makirufo a ƙarƙashi, ya ce bangon ɗakin yana mayar da murya, bargon ne ke shanye amon. Ƙafar saniyar kuwa a shagon 'yan Ganar nan suke saye, a buga takun dodo da ita, in an gama a yi farfesu. Na tuna sun taɓa aiko mini da farfesun, na sha har da neman ƙari.

Na tambaya ko bunsurun gadar gaskiya ne. Munzali ya ce shekara da shekaru yana wucewa ta wajen, bai taɓa ganin komai ba sai barewa da gwangwanayen giya. Longji ya ce shi dai ba ya tsayawa a wurin, don kakarsa ba ta haifi ubansa wawa ba.

Na ce to na ji, amma ba a rufe ni da baki. In labari ne a ba ni shi da Hausa. Munzali ya fara, harshen ya maƙale tun a kalmar farko. Longji ya miƙa masa bargon. Ya lulluɓa, sai murya ta fito santala-santala, kamar ba shi ba.

Labarin wani ƙaramin gari ne da ke da gada, da dodo a ƙarƙashinta. Mutanen garin sun yi yarjejeniya da shi tun zamanin kakanni, in baƙo ya zo ya zauna, sai a yi masa kirki, a ba shi aiki, a saba da shi, in kaka ta yi a aike shi ta kan gadar shi kaɗai. Gida ɗaya ne ke da alhakin yi wa baƙon rakiya zuwa bakin gada. A wannan shekarar baƙon wani saurayi ne mai gyaran rufi, ɗan rakiyar kuma saurayi ne ɗan gidan. Suka shaƙu. Ranar aiken, ɗan gidan ya kulle baƙon a rumbu, ya sa rigarsa da hularsa, ya hau gadar a madadinsa. Da Munzali ya yi muryar dodon yana shinshina yana cewa wannan ƙanshin ɗan gida ne, sai da na naɗe ƙafata a kan kujera, ga rana tana haskowa ta taga, ga ƙafar saniya ina gani da idona.

Da ya tsaya na ce labari ya yi daɗi, amma an manta da mutum ɗaya.

"Ina yarinyar?"

Bargon bai motsa ba.

"Wace yarinya, Mama?" in ji Longji.

"Wadda ake mutuwa dominta. Ƙato ba ya sa rigar ƙato ya tafi bakin dodo haka kawai. Ko ƙanwar baƙon yake so?"

Munzali ya yaye bargon, gumi ya jiƙa masa riga. Ya dube ni, ya buɗe baki, kalmar ta tsaya masa a wuya. Mu duka in ya maƙale ƙarasa masa muke yi, ni da uwarsa da mai shago, don tausayi da kuma don gaggawa. Longji bai ƙarasa masa ba. Ya zauna yana kallonsa, hannu a kan gwiwa, kamar wanda ba shi da wurin zuwa a duniya sai ƙarshen wannan kalmar.

"B-babu yarinya, Goggo."

Na dubi wannan, na dubi wancan. Na san 'yan daudu, a tashar Funtuwa na sha sayen waina a hannunsu, da zanensu a ƙirji da habaicinsu mai yanka. Waɗannan ba su ba ne. Ɗaya da gemu, ɗaya da hannu kamar na maƙeri, ba rangwaɗa ba tafi. Na nemi sunan da zan sa wa abin da nake gani na rasa. Na sauko ne in yi faɗa da aljani, na iske ba aljani, kuma maimakon in ji sanyi sai na ji gara aljanin, don shi na san ayar da ake karanta masa. Na hau sama na ta da sallar magariba, ban san raka'a nawa na yi ba, sai da na sake.

Kwanakin da suka rage ban san me nake so ba. Da safe in ce wannan saɓon Allah ne, ba ruwana, su ƙarata. Da rana in tuna idon sawun ɗan ƙanwata. Abu ɗaya dai na tsayar: ba zan shaidi aljanin da babu shi ba. Zan ce bargo ne da makirufo, sana'a ce, a bar yaro.

Ranar Lahadi na sa Sharifa ta kai ni da wuri. Na sami Furera a kicin tana yanka alayyaho, na tura ƙofa na gaya mata abin da na gani, na bargo da farfesu, na tsaya a nan. Ba ta ɗago ba.

"Na sani, Yaya."

"Kin san me?"

"Na san babu aljani. Ni na haife shi."

Ta ci gaba da yanka, tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce ta daɗe da ganewa, tun kafin ya bar gidan yayansa, ba ta taɓa furtawa ba ko a addu'a. Ta ce Rilwanu ma ya sani, ya taɓa hango shi da Longji a wani kanti suna zaɓen labule, tun ranar bai ƙara cin abinci da daɗi ba. Ba mugunta ce ke sa shi ba, tsoro ne, yana da 'ya'ya mata da za a zo nema, yana da surukai masu dogon kunne, kuma da gaske yake ganin in an kai ƙanensa can za a gyara shi. Ta ce ranar da labarin bunsurun ya iso, ranar ta fara barci mai nauyi, don matan da ke yi mata kallon gefe sun dawo suna riƙe hannunta suna cewa Allah ya ba shi lafiya.

Na ce to yanzu me take so in yi. Ta ce in na ce babu aljani, manya za su tambaya to mene ne, kuma Rilwanu ba ya ƙarya a gaban malami. In kuma na ce akwai, za a tafi da shi.

"Ki nemo mini hanya ta uku," ta ce, ta share wuƙar da gefen zane.

Na ce da ita ni ban yi makaranta ba, ba kuma boka ba ce ni. Ta ce shi ya sa.

Falon ya cika. Ga Rilwanu, ga wasu dattawa biyu 'yan garinsu, ga Malam Ousmane, mutumin Damagaram, direba ne amma shi ke ja mana salla in liman ba ya nan, mutum mai tsoron Allah da tsoron faɗin abin da bai sani ba. Munzali yana zaune a ƙasa kusa da ƙofa, kai a sunkuye. Aka yi addu'a, aka ce Goggo Tayyiba ta faɗi abin da ta gani.

Na faɗi na bargo, na muryoyi uku, na kofato. Duk wannan gaskiya ne. Daga nan na shiga ƙarya, kuma ina sane. Na ce a garinmu an san iskokin da ke da mazauni, na tsamiya, na rijiya, na kufai, ba a tumɓuke wanda suka riƙe a kai shi nesa, lallaɓawa ake yi a inda yake. Wannan na ji shi tun ina yarinya. Sai na ƙara nawa, na ce na gada ya fi kowanne, don shi ruwa ne iyakarsa. In aka haye teku da wanda ya riƙe, gangar jiki ce za ta sauka a Kano, hankalin yana nan ƙarƙashin gada, kuma ba ya dawowa. Na ce na ga an yi wa wani haka. Ban ga kowa ba. Ina faɗa har na fara tsoron abin da ni na ƙera shi yanzun nan.

Dattawan suka juya ga Malam Ousmane. Ya daɗe yana murza carbi. Ya ce shi bai taɓa karanta wannan a littafi ba, amma kuma bai karanta akasinsa ba, kuma Alƙur'anin da ke Nijeriya shi ne a Maryland. In magani ake nema, zai riƙa yin rubutu duk Juma'a a kai masa ya sha, ba sai an sa rai a hatsari ba. Dattawan suka gyaɗa kai, ɗaya ma ya ce dama shi tafiyar ba ta kwanta masa ba.

Saura Rilwanu. Ya san ƙarya nake yi, ni ma na san ya sani. Amma ba zai ƙaryata ni ba sai ya faɗi abin da ke ƙarƙashi, a gaban mutanen nan, da uwarsa zaune. Ya dube ta. Ita kuwa tafin hannunta take kallo. Na ji tausayinsa ya kama ni, don shi ma ƙanensa yake so ta hanyar da ya iya. Daga ƙarshe ya ce duk abin da Inna ta ga ya dace.

A nan ne Munzali ya ɗago kai. Ya ce yana da magana. Wani dattijo har ya ja ƙafarsa baya.

"Ni b-b-ba..."

"Ba zai ƙi shan rubutun ba," in ji Furera. "Shi yake son faɗa. Malam, a shafa fatiha."

Aka shafa.

Shi ya mayar da ni gida, don Sharifa ta wuce aiki. Ina jiran godiya, har na shirya yadda zan ce ba komai. Da ya buɗe baki sai ya ce na mayar da shi mahaukaci. Ya daɗe kafin ya gama, ni kuma na danne bakina ban ƙarasa masa ba. Ya ce a da mutum ne marar aure, yanzu ya zama mijin bunsuru, kuma haka za a kira shi har ya mutu. Na ce mijin bunsuru da ƙafa ba mari ya fi mai hankali a ɗaure. Ya ce ya sani. Na ce to me yake so ya faɗa a falon da uwarsa ta tare? Ya ce shi ma bai san ko zai kai ƙarshenta ba, amma da an bar shi ya gwada.

Har yau ban san ko ceto na yi ko binnewa ba. Tafiya dai ta fasu, Munzali yana nan Hyattsville yana jigilar fitsarinsa. An daina turo masa hotunan 'yan mata. A masallaci wasu na matsawa in ya tsaya a sahu, wasu kuma, abin mamaki, suna zuwa a ɓoye su tambaye shi ko mutumin nasa na iya duba musu maganar takardun zama. Rakia ta ce mini wata mata a Silver Spring ta hana mijinta bin hanyar gadar, ya ƙara kusan rabin tafiya a zuwa aiki. Ni kaina in mota ta hau gada da ni sai na sami bakina yana motsi. Rilwanu yana gaishe ni, gaisuwa cikakkiya, ba ya ƙara komai a kai. Maganar Longji kuwa ban yi ta da kowa ba, ban kuma gama yin ta da kaina ba. In na ce zan yi fushi sai in rasa ta inda zan fara, in na ce zan saki raina sai in tuna kabari. Na bar wa Mai hisabi, shi ya san abin da ya halitta.

Furera ce ke kawo rubutun da kanta duk Juma'a, a gorar ruwa. Tun tana hanya take bugo waya ta ce ga ta nan tafe, ko da an san da zuwanta. Ba ta taɓa sauka ɗakin ƙasa ba. A falona take zama, Munzali ya hau ya durƙusa ya gaishe ta, ya shanye a gabanta, ta shafa masa sauran a ka, ya koma. Rannan bayan ya sauka ta daɗe tana juya gorar a hannu.

"Yaya, na ga ya yi ƙiba. Yana cin abinci ke nan."

"Ana dafa masa," na ce.

Na zaci za ta tashi.

"Ba ya son yaji da yawa. Ki faɗa wa mai girkin."